Nauyin Man da Ban Rubuta Ba

Ranar da Maigida ya shigo mini da ƙarafan nan biyu a cikin daro ba ta fita daga raina ba har yau. Laraba ce, mako biyu bayan sallar layya, shekara ta uku da yanke mana jiha daga Sakkwato. Ina rubuta wannan ne saboda ku matasan makanikai da kuke ta sallama a ƙofar gidanmu nan Gummi, kuna tambayar labarin jirgin saman da ya haɗa. Shi ba ya son maganar. Ya ce tunda ni na riƙe littafin awo, ni zan ba ku. Na ce to, amma in zan bayar sai na haɗa har da nawa kason.

Bari in fara da yadda aikin yake a tsare, don wanda bai san gareji ba. Daraja uku ce. Akwai ubangida, wanda ya koyar. Akwai wanda aka yaye ya buɗe nasa wuri. Sai masu koyo. Maigida ya daɗe da yayewa, garejinsa na kangon bayan gidanmu, amma in Baba Mamman ya shigo har ƙasa yake durƙusawa. Baba Mamman shi ya ɗauke shi yana maraya, ya koya masa riƙon sifana, ya tsaya masa a aurena. Shi ke da injin sassaƙa ƙarfe, kuma a iya sanina daga Gummi har Bukkuyum babu wani mai irinsa a lokacin. Mutum ne mai raha da kyauta. Ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

Ni ba ni cikin jerin nan. Ina cikin gida, ba na fita gareji. Sai dai na gama sakandare, lissafi da kimiyya su na fi so, kuma ina karanta Turanci. Don haka aiki biyu suka faɗo a kaina ba tare da an naɗa ni ba: wanke ƙananan kayan inji da kananzir a tsakar gida, da awo da lissafi. Maigida zai shigo da kaya, in wanke, in auna, in rubuta a 'yar takarda, ya fita da ita a aljihu.

Jirgin kuwa tun kafin a yi mana aure yake cikin ransa. Mai kujera ɗaya ne, ƙashinsa na bututun ƙarfe, fukafukansa na goran-ruwa. Shekara huɗu yana haɗa shi, abin da ya tsayar da shi inji ne, don duk injin motar da ya gwada ya yi wa jirgin nauyi. Sai ya ji labarin wata tsohuwar motar Japan da ta mutu a wani gida a Anka, makanikai uku sun buɗe ta sun kasa, wai ba ta da fistin. Ya je ya kwanto injin ya taho da shi.

Gaskiya ne, ba shi da fistin. A cikinsa ɗaki biyu ne, kowanne da wani ƙarfe mai kusurwa uku da ƙosassun gefe, ana ce masa rota. Su ne ƙarafan da ya shigo mini da su a daro. Sanda ɗaya ta ratsa su, tana da tozo biyu, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, kowace rota a kan tozonta. Saboda tozon nan rota ba ta juyawa a tsakiya, tana kewaye ne kamar yadda mace ke juya faifai wurin tankaɗe. Maigida ya sa musu Hassana da Husaina. Idan Hassana ta ja sama, Husaina na ja ƙasa, sai injin ya nemi ya riƙa kaɗa kai gaba da baya. Abin da ke hana shi su ne wasu ƙarafa biyu masu nauyi a gefe guda, ɗaya a goshin sandar, ɗaya a bayanta, da ke ja sabanin tagwayen. Na gaban ya ɓace tun a hannun waɗanda suka buɗe injin a Anka. Na bayan kuwa a jikin filawil aka zuba shi, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi, kuma jirgi ba ya ɗaukar filawil. Dole a sassaƙa sababbi guda biyu. Baba Mamman zai sassaƙa, amma sai an gaya masa nauyin da za a bari a jikinsu, shi kuma wannan daga nauyin rota ake fitar da shi. Lissafin bai fi wanda muka yi a aji huɗu ba, na sanda da nauyi a kowane gefe. Lambar ita ce aikina.

Sikelinmu mai faranti biyu ne, na wani mai sayen fata, sai ƙananan duwatsun awo na tagulla da Maigida ya aro wurin wani mai sayen zinariya a Anka. Ƙa'idar da Baba ya koyar ita ce: a wanke tas, a shanya a rana, a auna a bushe. Haka ake yi wa fistin.

Ina cikin wanke Hassana na kwantar da ita a gefe, sai na ga baƙin mai na tsiyayowa daga cikinta. Na jijjiga, ya ƙara fitowa. Na leƙa ta ramin tsakiya, ashe cikinta ba a toshe yake ba, ɗakuna ne ƙanana kamar gidan rina. Kwana uku ina kifa su a kan bulo, kullum da safe sai na tarar da mai a ƙasa. Da aka kawo mini sandar, na ga wasu 'yan huji a jikinta suna kallon ɗakunan nan daidai. Na zura tsinken tsintsiya, ya shige. Sai na gane injin da kansa ke fesa mai a cikin rota don ya sanyaya ta. Ke nan in tana gudu ba a bushe take gudu ba.

Na auna su a bushe na rubuta. Sannan na toshe gefe ɗaya da leda, na ɗauki kofin shayi na zuba mai har ɗakunan suka ɗauka, na sake aunawa. Bambancin ya kusa giram ɗari biyu a kowacce. Na rubuta wannan ma a ƙasan ta farkon, na yi lissafin duka biyun.

Da Maigida ya shigo cin abincin rana na nuna masa man da ke cikin daro.

"Malam, wanga mai daga cikinsu yaf fito."

"Awo, ai tsohon inji na. Wanke shi za ki yi."

"Na wanke. Amma in an tada shi, zai koma ciki. Ina ga ya kamata a sa nauyinshi cikin lissahi."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ɗauki rota ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce zai gaya wa Baba. Ban nuna masa lamba ta biyu ba. Na bari sai na ji abin da Baba zai ce.

Washegari bayan la'asar Baba Mamman ya zo zaure. Na kawo fura na tsaya bayan asabari na gaishe shi. Maigida ya kawo maganar a hankali, yana sosa ƙeya.

"Wa yag gaya maka?" in ji Baba.

Maigida ya dubi asabarin. Baba ya fashe da dariya.

"Ashe injiniyan na cikin gida, mu muna waje muna shan rana. Kulu, ɗiyata, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"In kin tai awon gero kasuwa, hadda ruwan da za ki dama shi kike aunawa?"

"A'a, Baba."

"To ƙarhe aka aunawa. Mai baƙo na, shi shiga shi hita. Shekara arba'in ina wagga sana'a ban taɓa ɗora mai bisa sikeli ba. Amma Allah shi yi maki albarka, kina da ido. Da ke anka ba ni koyo, ba wanga mijin naki ba, da na huta."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Ina da amsa a bakina. Ina so in ce, Baba, in an dama furar an ɗora wa mutum ƙwaryar a ka, wuyansa ya san da ruwan. Ban faɗa ba. Uban mijina ne a wurina, yana zaune a zaurenmu, yana shan furar da na dama, ya sa mini albarka. Na ɗauki faifaina na koma ciki.

Ranar Asabar da hantsi Maigida ya ce in rubuta masa lambar, ta bushe, zai kai wa Baba. Ya fita ya ba ni wuri. Na yi sallar walha na zauna da littafin a cinyata, lambobi biyu suna kallona.

Zan iya rubuta ta ƙasan. Babu wanda zai sani. Baba ba ya bin lissafi, abin da aka ba shi yake sassaƙawa, Maigida kuma ya yarda da ni ko takarda ba ya dubawa. Na ma ɗora biro a kanta. Sai na ji wannan ha'inci ne. Mutum ya ce ba ni kaza, ka miƙa masa wani abu a rufe kana kallon idonsa. Amana ya ba ni. Ga kuma wani tsoron: ban san ko ɗakunan cike suke ba in injin na gudu, ko rabi, ko ƙasa da haka. In na sa tawa a ɓoye kuma ta zama kuskure, ya faɗo daga sama, ni na kashe shi, kuma ni kaɗai zan sani. In na rubuta wadda aka ce, ko me ya faru na bi umarni. Wannan tunanin na ƙarshe shi ya fi ba ni kunya yanzu, don shi ne ya yi nasara. Na rubuta ta bushe.

Baba ya ɗauki kwana tara yana aikin. Ƙarfensa mafi kyau ya sa, wanda ya daɗe yana ajiya. Da ya gama aka yi gwajin da suke kira ɗora wa wuƙa. Ana kafa wuƙaƙe biyu miƙaƙƙu, kaifinsu a sama, a daidaita su da ruwa a cikin tiyo, sai a ɗora sandar da kayanta a kai. In gefe ɗaya ya fi nauyi za ta mirgina. In ta daidaita, duk inda aka bar ta nan za ta tsaya. Maigida ya shigo da yamma yana ta murmushi.

"Kulu, ta zamna. Duk inda Baba yab bar ta sai ta tsaya cik, kamar an kira ta da suna. Kin ga mai bai ce komi ba."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na ji kamar an sauke mini tulu. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, alhali lissafin yana hannuna, shi ne wuƙa tana gaya maka ne kawai ko na gaba da na baya nauyinsu ɗaya. To nauyinsu ɗaya ne. Duka biyun sun gaza, gazawa iri ɗaya.

Aka haɗa injin, aka ɗora shi a goshin jirgin a kan ƙafafu huɗu na bututu da aka yi wa walda. Aka sa bel da farfela ta katakon maɗaci. Aka ɗaure wutsiyar jirgin da igiya a jikin tsamiyar kango. Tsarin shi ne a yi wata biyu ana tayar da shi a ƙasa, kullum a ƙara masa wuta kaɗan, in ya jure sai a ɗora shi a mota a kai wani fili shimfiɗaɗɗe a hanyar Bukkuyum, a can zai tashi.

Ban ga ko ɗaya daga gwaje-gwajen nan ba. Ji nake yi. Bangon ɗakina shi ne bangon kangon, kuma a jikinsa jerena yake, kwanoni da tasoshin da Inna ta yi mini na aure. In injin na tafiya a hankali, lafiya lau, Maigida ya ce har kofin ruwa suke ɗorawa a kansa mutane na mamaki. Amma in ya ba shi wuta, akwai inda ƙarar ke kaiwa sai kwanonin su fara magana. Murafen ke farawa, sannan tasoshin. Ruwan randa ya yi ta zobe-zobe. In ya sassauta su yi tsit. Kullum a wuri ɗaya. Har na kai ina sanin inda hannunsa yake a kan wayar mai ba tare da na gani ba.

Mako na uku walda ta tsage a ƙafar gaba ta dama. Aka ce mai walda ne bai cika wuta ba, aka sake. Bayan kwana goma ta baya ta hagu ta tsage. Aka ce bututun ne sirara, aka ƙara masa faci. Ni kuwa da na ji gaba-dama, sannan baya-hagu, sai na gane. Abin da ke kaɗa kai ne kawai ke cin ƙafafunsa haka.

Na sami Maigida yana wanke hannu da garin sabulu a bakin rariya.

"Malam, man nan na. Injin kai shika kaɗawa. Kwanonina na hwaɗa mani kullum."

"Kwanoninki ko babur yaw wuce magana sukai."

"Ba irin wagga ba."

Ya ɗauraye hannunsa. Ba fushi ya yi ba. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan aikin nan ba.

"Kulu, mi kike so in yi? In koma in ce ma Baba kwana taran da yay yi banza na, ƙarhenshi banza na, don jeren matata na ƙara? Gaban mutane ta zamna bisa wuƙa. Da wane baki?"

"To kak ka hau shi."

"Ban hawa sai na natsu. Bari a yi gwajin Alhamis. In ta ƙara tsagewa ni da kaina za ni tai in same shi, ko mi za shi ce."

Ko a nan ban ɗauko littafin ba. Yana ƙarƙashin katifa, taku biyar daga inda muke tsaye. Na ga kamar in na fito da lamba ta biyu yanzu, zai gane na san wani abu tun farko na yi shiru. Na ce a raina, ai saura Alhamis. Duk addu'ata a kan filin Bukkuyum take, Allah ya hana jirgin nan barin ƙasa. Ban taɓa roƙon komai a kan kangon bayan ɗakina ba.

Alhamis da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida. Na ji an tayar, na ji ya ɗumama, na ji ya fara ba shi wuta. Murafe suka fara. Tasoshi suka karɓa. Ya wuce wurin da yakan tsaya. Wata tasa ta faɗo daga sama ta yi ta juyi a ƙasa. Sai wata ƙara kamar an sari itace, injin ya yi kururuwa, ya mutu. Bayan nan shiru, shirun da ya fi ƙarar muni, sannan na ji maza suna salati.

Ranar na fara shiga kangon. Ko mayafi ban ɗauka ba. Ƙafafun gaba biyu sun karye tare, injin ya rusuna, farfelar ta sauko gefen da yake tsaye yana gyara kafireta. Yana zaune a ƙasa ya jingina da tayar jirgin, idonsa biyu, yana kallon hannunsa na dama kamar na wani. Na cire ɗankwalina na ɗaure damtsen da ƙarfina duka, na sa sifana na murɗa kamar yadda aka nuna mana a makaranta. Ya dube ni ya ce, "Kulu, kin hito ba mayahi." Abin da ya faɗa ke nan.

Aka kai shi asibitin gari, suka ce a wuce gaba. Kafin a isa babban asibiti rana ta yi sanyi. Washegari aka yanke hannun, sama da gwiwa kaɗan.

Kwana arba'in muka yi a can. Masu dubiya kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce ƙaddara, gaskiya suka faɗa. Wasu suka ce dama mutum bai kamata ya yi gasa da tsuntsu ba. Baba Mamman yana zuwa duk Juma'a daga Gummi, ya zauna a bakin gado, ya ɓare masa lemo, ya yi ta ba shi labarin direbobi don ya yi dariya. Mai walda kuwa kunya ta hana shi zuwa, don gari ya gama yanke hukunci shi ne. Ina ji ana zaginsa ina zuba wa masu zagin ruwa.

Bayan mun dawo gida da wata ɗaya, wani dattijo daga Anka ya zo dubiya. Tsohon soja ne, gyaran jirage ya yi har ya yi ritaya, ya ji labari a kasuwa. Baba na zaure ranar. Dattijon ya je ya duba abin da ya saura a kango, ya dawo ya tambayi yadda aka fitar da nauyin ƙarafan. Maigida ya ce a kawo littafi. Na miƙa ta ƙarƙashin asabari. Zan iya yage shafin tun tuni, ban yage ba, kuma ba zan ce muku don gaskiya ba ne. Na kasa taɓa shi ne kawai.

Na ji ana buɗe shafuka, sai aka tsaya.

"Wagga ta biyu hwa, wa yar rubuta ta? An sa 'da mai'."

Muryar dattijon ce. Ya ci gaba:

"Don ita ta kusa. Ta ɗan zarce, ba cika sukai ba in suna gudu, amma masu wanga aiki da man suka lissahi. Kuma wuƙa ba ta nuna wanga ciwo, sai an juya sandar da gudu. Da wace anka sassaƙa?"

"Da ta bisa," in ji Baba. Muryarsa ta canza.

Dattijon ya gane ya taka wani abu. Ya yi sauri ya ce bututun ma ba na jirgi ba ne, waldar ma da magana, ba zai rantse mai kaɗai ya yi ba. Na riƙe wannan maganar tasa shekara da shekaru kamar igiya. Ba ta ɗauke ni ba.

Da baƙon ya tafi Baba ya matso kusa da asabari.

"Ɗiyata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Kin hwaɗa mani, nay yi maki dariya. Ni nay yanke hannun ɗana. Ki yahe mani."

Na ce babu komai, Baba. Ban iya cewa ni ma ina da abin da za a yafe mini ba. Ya tashi ya je gidan mai walda da ƙafarsa ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Daga ranar bai ƙara tayar da injin sassaƙarsa ba, ya lulluɓe shi da buhu, har Allah ya karɓi ransa bayan shekara biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Maigida bai ce mini komai ba sai bayan kwana uku. Muna zaune a inuwar ɗaki bayan azahar, ina yanke masa farce.

"Tun yaushe kike da lamba ta biyun?"

"Tun kahin Baba shi zo."

Na gaya masa duka, har da biron da na ɗora na ɗauke. Na ce na ji tsoron in yi masa ƙarya. Na tambaye shi, da na rubuta ta ƙasan a ɓoye, da ya fi so? 

"Ban sani ba. Da yanzu ina da hannu ina zamne da macen da ka canza mani lamba." Ya juya yatsunsa a cikin tafina. "Amma Kulu, mi yah hana ki ƙi? Ki ce ba ki rubutawa. Ni ban iya lissahin ba, Baba bai iya ba. Da kin aje biron, da aikin ya tsaya nan."

Wallahi har ya faɗa ban taɓa ganin wannan hanyar ba. Na zauna da lambobi biyu ina zaɓe tsakanin ƙarya da biyayya, ban san akwai ajiye biro ba. Ba a koya mini ba, a gida ko a makaranta. Bai ƙara tayar da maganar ba, bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Garejin ya mutu a hankali. Ya gwada tsayawa yana nuna wa wasu da baki, amma masu mota hannunsa suke so. Yanzu yana zama a wata rumfa yana sayar da man juye da filogi. In mota ta wuce, daga jin ƙararta yakan ce wannan bawul ɗinta ne, ko wannan ta kusa cin metal, ba mai tambayarsa. Jirgin, masu gwangwan suka yanka suka tafi da shi.

Kun ce in gaya muku abin da za ku kiyaye in za ku sa irin wannan inji a jirgi. Na fasaha kaɗan ne: ku sa nauyin man, kada ku yarda da wuƙa ita kaɗai, walda in ta tsage sau biyu ba mai walda ba ne. Sauran ya fi wuya. A sana'arku magana daga sama take gangarowa, ba ta hawa. Ubangida ya san abin da ya sani, amma ya daɗe bai sa hannu a daron wanki ba, kuma mai wankin shi ke ganin abin da ke fita daga cikin ƙarfe. Mu uku muka yi aikin nan, babu mugu a cikinmu. Kowa kunyar na gaba da shi ya ji, kuma ƙarfe bai san kunya ba. Ban ga alamar abin ya canza ba. Ina jin ku a zaure, in babbanku ya yi magana duk sai ku ce haka ne.

Ranar da aka ce ka ba da lambar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ba sai ka yi ƙarya ba, ba sai ka yi rashin kunya ba. Ka ajiye biron. Za a ji haushinka mako ɗaya.

Mai hannu ɗaya yana iya wanke fuskarsa da ƙafafunsa, amma ba ya iya cuɗa hannun da ya rage masa har gwiwa. Ni ke yi masa, sau biyar a rana, shekara ashirin da wani abu ke nan. Yakan miƙo shi, in zuba ruwa, in wanke sau uku, ya ce Allah shi yi maki albarka. Ni kuma in ce amin.